Hayaƙi a Gidan Kafinta

Litinin, da hantsi

Na hura wuta. Hayaƙi ya tashi sambal, mai awon filaye ya hango daga kan tudu ya ɗaga mini hannu. Aikin yau ya ƙare tun rana ba ta yi zafi ba.

Ban taɓa zaton hayaƙi zai zama sana'ata ba. Amma ƙa'idar ke nan tun ranar da mota ta juye mu a inda hanya ta ƙare, babu komai sai ciyawa da sauro da wannan kogi, aka ja igiya aka yanka wa kowa fili. Duk gidan da aka ba wuri, sai an ga hayaƙinsa kowace safiya, daga ruwan farko har kogi ya janye. In an cika, fili ya tabbata. In safiya ɗaya ta wuce murhu a sanyaye, sai a ba wani. Masu jira kuwa suna nan kan tudu cikin rumfunan tamfol, waɗanda suka zo a makare, idonsu a kan rufin kowa.

Namu ne na farko a bakin ruwa. Dukanmu daga ƙasar da mace ke yini a hanyar rijiya muka fito, shi ya sa ranar rabo maza suka yi ta cacar baki a kan filayen gaɓa, har wani ya yaga wa wani riga. Maigidan ne ya samu mafi kusa. Ya sare ciyawar gaɓar kaf, ya tumɓuke saiwoyi, ya share wurin fes kamar tsakar gida, maƙwabta suka gani suka yi koyi. Sannan ya kafa mini benci yana fuskantar ruwa, wai in riƙa karanta littattafaina a nan kamar matan da ke cikinsu.

Yanzu yana can saman kogi, ya bi babban jirgi sayo katako. Gari sabo, kowa na son ƙofa da taga, kafinta kuma shi kaɗai ne. Ya ce kafin kogi ya cika yana gida.

Kogi ya fara cika. Inna, mahaifiyarsa, tana tari.

Talata, bayan la'asar

Matar mahauci ta zo a ci gaba da karanta mata littafi. Tun daga bakin ƙofa take kira.

"Ke Ta Littafi! Ina aka tsaya? Ya aure ta, ko har yanzu yana tsaye gindin taga yana huci kamar sa?"

Na ce ya yi tafiya, yarinyar tana jira.

"Tana jira tana cin me?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

"To ai shi ya sa. In ni ce, da tuni na sa gadonsa a kasuwa."

Inna daga cikin ɗaki ta ce, "Bakinki dai, bakinki." Muka yi dariya har tarin ya katse mata tata.

Muna zaune a benci sai muka ji tsundum. Wani yanki na gaɓar ne ya ɓalle ya faɗa ruwa, girmansa kamar tabarma. Ruwan ya yi ja, sannan ya koma yadda yake. Matar mahauci ta ce kogi ne ke gaishe mu. Na ci gaba da karatu, amma na maimaita layi ɗaya ban sani ba sai da ta zungure ni.

Alhamis, da azahar

An ce jirgi na tafe. Na wanke kai, na sa rigar da yake so. Na dafa shinkafa da yawa.

Alhamis, da yamma

Jirgi ya zo.

Mai jirgi ya shigo gidan da kansa, ɗauke da akwatin kayan aikin maigidan a ka. Ya ajiye a bakin ƙofa. Bai dube ni ba. Ya ce yana son magana da Inna, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ya yi ƙasa da murya. Ni ina kicin. Na ji wasu kalmomi.

Ba zan rubuta su ba. Shi kansa ya ce bai gani da idonsa ba.

Katakon yana cikin jirgi, an ɗaure shi da kyau, irin ɗaurinsa.

Juma'a, da safe

Na hura wuta.

Asabar, da hantsi

Mata sun cika gidan tun safe. Sun zauna, sun miƙe ƙafa, sai ajiyar zuciya. Na dafa musu shayi. Matar tela ta kama hannuna ta riƙe ta ƙi saki, har na ce mata tukunya na wuta.

Me suka zo yi? Ba wanda ya kira su.

Na buɗe akwatin. Zarto, guduma, ƙusoshi a gwangwani, fensirin da yake maƙalawa a kunne. Mutumin da zai biyo ta hanyar mota ai ba zai wahalar da kansa da akwati mai nauyi ba, jirgi zai ba. Haka na faɗa wa Inna. Ta juya fuska bango.

A littattafai haka ake yi. In jirgi ya zo babu shi, to ta wata hanya zai ɓullo, ya rame, gemu ya fito, sai ta ɗago kai daga wanki ta gan shi tsaye. Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga. Waɗanda suka rubuta ai wani abu suka gani.

Litinin, da safe

Ruwa kwana da yini. Na hura wuta da ƙyar.

Bencin ya tafi. Da na fito babu shi, babu inda aka kafa shi.

Laraba, bayan azahar

Maza sun taru a gaɓa, masu gidajen bakin ruwa duka. Mahauci ne kan gaba. Suka ce abin da ake yi wa katangar da ta fara tsagewa shi za a yi, a tokare ta da nauyi. Suka yi ta jido tubali da duwatsu suna jibgewa a leɓen gaɓar, tun daga gidanmu har gidan tela. Na ba su tubalin da ya rage na ɗakin da maigidan ya ce zai ƙara mana. Sun yi aiki kamar su mutu, laka har ƙugu. Wasu masunta na tsallake sun tsaya a tsakiyar ruwa cikin kwale-kwale suna kallo. Ɗaya ya ɗaga murya ya faɗi wani abu yana yarfa hannu, iska ta tafi da maganar. Mahauci ya ce musu in ba za su taya ba su wuce.

Da suka gama wurin ya yi kyau, kamar ganuwa. Na ji sanyi a raina. In ya dawo zai ce wa ya yi wannan aikin ba a sa igiya ba, ya karkace.

Alhamis, da hantsi

Ganuwar ta rufta gaba ɗaya, ta ja ƙasar da ke ƙarƙashinta. Ta tafi da akurkin kaji da bayan gida. Ƙarar kamar an kifar da mota.

Yanzu in na tsaya a ƙofar kicin ina ganin ruwa a ƙarƙashin ƙafata.

Na hura wuta.

Asabar, da la'asar

Tela ya kwashe. Na ga keken ɗinkinsa a kan mutum ana hawa tudu da shi, matarsa a baya da tukwane. Ba ta shigo sallama ba, ta dai ɗaga hannu daga nesa. Gidansu shiru, ƙofa a buɗe tana kaɗawa. Ƙofar ma maigidan ne ya yi ta.

Na ɗauko littafi in karanta, shafukan sun kumbura da laima, sun manne da juna. Na yi ta ɓamɓarewa a hankali da wuƙa. Inda ya dawo ɗin ne ya fi mannewa, rubutun ya bi ɗaya shafin.

Lahadi, da safe

Hayaƙi uku kawai na gani a layinmu.

Talata, da hantsi

Mai awo ya sauko da kansa, wandonsa a naɗe, takalmi a hannu. Ya gaida Inna, ya tsaya yana kallon inda igiyarsa ta bi da rani. Wurin duk ruwa ne yanzu.

Ya ce, "Matar kafinta, an yi shawara. Duk na bakin ruwa da ya saki filinsa yanzu, za a ba shi wani a kan tudu, bayan inda za a yi kasuwa. Amma gida ɗaya fili ɗaya. Sai an saki wannan. Kuma wuraren ba su da yawa."

Na ce in na hura wutar a kan tudu, a lissafa ta a ta nan mana.

"Ba ni na yi ƙa'idar ba. Hayaƙin fili, a kan filin yake tashi."

Na ce to a nan zai tashi.

"Baiwar Allah, me za ki riƙe a nan? Dubi fa."

Na ce ba nawa ba ne balle in saki. Wanda ya yi faɗa ya samu, shi ne zai saki. In ya sauka nan zai nufo, ba bayan kasuwa ba.

Sai Inna ta yi magana daga kan gado, muryarta kamar ana jan tsumma. "'Yar nan, karɓi."

Na ce, "Inna?"

"Na ce ki karɓa. Ni na haife shi."

Ban san na fita ba sai da na gan ni a kicin ina wanke kwanon da na riga na wanke. Ita ta haife shi. To sai me? Ni ya ce wa kafin kogi ya cika.

Mai awo ya ce zai jira ni zuwa jibi.

Laraba, da azahar

Ba mu yi magana da Inna ba. Na kai mata ruwan zafi, ta sha, na ɗauke kofin.

Alhamis, da yamma

Jibin ta zo ta wuce. An ba wani mai gyaran fitila wurin.

Asabar, da hantsi

Mahauci ma ya saki. Matarsa ta zo da ƙannensa biyu da wani tsohon ƙyaure, ta ce Inna za su ɗauka.

"Tsohuwar nan in ta ƙara mako a laimar nan, ba tari za ta yi ba, sallama za ta yi. Ke kuma in kin ga dama ki zauna ki auri kogin."

Na ce ba inda za ni.

"Wa ya tambaye ki? Ke dai kamo mata ƙafa."

Muka ɗora ta a ƙyauren. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A bakin ƙofa ta sa aka tsaya, ta kama gefen zanena. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ki riƙa sa itacen a ƙarƙashin gado, can ne ruwa bai zuba." Shi ke nan.

Matar mahauci ta dawo ita kaɗai, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kwana kuma a rumfata za ki riƙa yi. Ki sauko da safe ki yi haukarki ki koma. In kin ƙi, wallahi a ka zan ɗauke ki kamar cinyar sa, gari ya sha kallo."

Na yarda da wannan. Hayaƙin safe kaɗai ƙa'ida ta ce.

Litinin, da safe

Kicin ya tafi. Na kwashe duwatsun murhu tun jiya, Allah ya taimake ni. Na kafa su a tsakiyar ɗakinmu, na ɗage kwano ɗaya na rufi don hayaƙi ya samu hanya.

Ɗakin ya yi baƙi. Zai yi faɗa.

Laraba, da hantsi

Itace ya jiƙe duka, har na ƙarƙashin gado. Kananzir ya ƙare. Na yi ta ƙyasta ashana tana mutuwa, rana na tasowa, na san mai awo yana can kan tudu yana duban nan, waɗancan na rumfa su ma suna duba.

Na jawo akwatin littattafai. Na zaɓi wanda ban cika so ba, na wata mai kuka a kowane shafi. Tsakiyarsa a bushe take. Ya kama nan da nan, ya ba da hayaƙi fari mai kauri, ya fi na itace.

Ban ji komai ba. Na zaci zan ji.

Juma'a, da safe

Na hura wuta. Littafi biyu suka tafi yau.

Lahadi, bayan la'asar

Matar mahauci ta ce ina littafinmu, a ƙarasa mata, ta gaji da jiran mutumin nan. Na ce ya jiƙe. Ta kalli hannuna, duk baƙin toka. Ta ce, "To faɗa min da ka. Ya dawo?"

Na ce ya dawo.

"Da me ya zo mata?"

Na karanta shi ya fi sau nawa, amma na kasa tuna da me ya zo. Ta ce ba komai, dama ita mazan littafi ba su burge ta, ba wanda ke zuwa da cefane. Ta tura mini kwano ta ce in ci.

Inna ta ɗan samu sauƙi. Tana zaune a bakin rumfa tana tsince wake, ta juya wa kogi baya.

Talata, da hantsi

Bangon gabas ya tsage, hannu na shiga. Na fitar da akwatin kayan aikinsa da gadon, ƙannen mahauci suka hau da su. Na mayar da murhu bakin ƙofar gida, ta wajen hanya. Nan ne ƙarshen filin.

Alhamis, da safe

Ina tsaye ɗakin ya tafi. Bai yi ƙara sosai ba. Ya durƙusa ne kamar raƙumi, sannan ya kwanta. Rufin ya ɗan yi iyo.

Wutar ba ta mutu ba.

Juma'a, da hantsi

Da na sauko babu sauran ƙasa. Hanyar da ke gaban gidan ita ce gaɓa yanzu. Duwatsun murhu ma babu.

Na zauna a laka da kasko da garwashin da na roƙo a rumfa da littafi a hammata. Ban san me nake jira ba. Sai ga mai jirgi a ƙaramin kwale-kwalensa. Tun ranar nan yake kauce mini, in ya hango ni ya canja hanya. Ya matso ya riƙe gaɓa da sandarsa, ya ce, "Shigo."

Ya tura mu har daidai inda ɗakin yake. Na gane wurin da bishiyar tsallake, ita nake gani ta taga. Ya kafa sanda ya tsayar da mu, ruwa na fizga. Na yayyaga takarda a kan garwashi. Hayaƙi ya tashi a kan ruwa.

Mai awo yana tsaye a kan tudu. Bai ɗaga hannu ba. Amma bai juya ba sai da hayaƙin ya wuce tsayin bishiya.

Muna komawa mai jirgi ya ce, "Ranar nan, a wajen duwatsun sama..."

Na ce, "Riƙe min kaskon nan, zanena zai kama."

Ya riƙe. Bai ƙara ba.

Asabar, da safe

Mun hura.

Litinin, da safe

Mun hura. Yara na bin gaɓa suna kallo. Na ji wata daga rumfa ta ce a bar ta, ba ta cikin hankalinta. Ba wanda ke son filin yanzu, sun daina duban nan.

Laraba, da la'asar

Ruwan sama ya ɗauke kwana biyu. Kogi ya fara sauka, ya bar layin laka a jikin bishiyoyi. Na zaci in ya sauka ƙasarmu za ta fito. Mai jirgi ya zura sandarsa duka a wurin, ba ta taɓa ƙasa ba sai da hannunsa ya nutse. Ya ce kogin ya canja kwanciya, nan ce hanyarsa yanzu.

Littafi ɗaya ya rage.

Asabar, da azahar

An buga ƙarfe a kan tudu, an ce kogi ya janye, yau ake tabbatar da filaye. Mai awo ya bi gida-gida da turaku na ƙarfe, kowane fili a kafa masa ɗaya a kusurwa. A layin bakin ruwa mu kaɗai muka cika.

Ya zo gaɓa ya same ni. Ya ce, "Filin kafinta ya tabbata. Ba wanda zai karɓe shi har abada." Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce turken fa, ina za a kafa?

Na nuna.

Ƙaramin turke ba zai yi ba, sai da aka samo dogon bututun ƙarfe daga cikin kayan gadar da ba a fara ba. Maza suka shiga jirgi, suka yi ta dukansa har ya tsaya, kansa ya fito sama da ruwa kamar tsayin yaro. Mahauci ya ce, "To, ga gida, saura shimfiɗa." Ba wanda ya yi dariya, matarsa ta harare shi.

Inna ba ta sauko ba. Da na faɗa mata ya tabbata, ta ce, "Sannu, 'yar nan." Ta matsa mini a tabarma.

Talata, da hantsi

Ruwan wurin mai zurfi ne har bakin gaɓa, babban jirgi na iya matsowa ba ya cijewa. Mai jirgi ya tambaye ni ko zai ɗaura a turken. Na ce ya ɗaura. Yanzu masunta ma nan suke ɗaurewa. Wata ta kafa teburin kifi a inda nake zama da kasko. Na ji wani mai dako na ce wa ɗan uwansa su haɗu a turken kafinta.

Alhamis, bayan la'asar

Jirgi ya kawo sababbin mutane, iyali guda, da buhuna da kaji a kwando. Ina gaɓa. Kullum ina gaɓa in jirgi zai zo, ba sai na rubuta dalili ba.

Matar ta sauko da goyo, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Tana ta kallon ruwa baki buɗe, na san daga irin ƙasarmu ta fito. Ta gaishe ni ta ce, "'Yar uwa, nan ne turken kafinta?"

Na ce nan ne.

"Alhamdu lillahi. An ce mana da mun sauka mu neme shi, ƙofa muke so kafin mu yi rufi. Ina shagonsa?"

Na buɗe baki in ce ya yi tafiya. Abin da nake cewa ke nan, ya zauna mini a harshe. Mai jirgi na tsaye da igiya a hannu, ya daina naɗewa.

Na ji na ce, "Babu shi."

Ta ce, "Ayya." Ta gyara goyonta. Ba ta san abin da ta ji ba, ta juya tana ƙirga buhuna.

Na ɗora kwandon kajinta a ka, na ce ta biyo ni, kuma in an zo rabo kada mijinta ya karɓi na kusa da ruwa. Ta ce don me, ga ruwa har ruwa? Na ce ta dai biyo ni, hanyar da santsi.